Minti Ɗayan da Baba Orrin Bai Ji Ba

"Ga wurin nan, saurara," in ji Baba Orrin, ya ɗaga yatsa. Jita tana hawa, ganguna biyu na biye da ita, sai ƙat, kaset ya yi shiru. Da kiɗan ya dawo, an riga an sauka wani wuri daban.

"Nan na tsaya juya kaset. Minti ɗaya da ɗan wani abu. Shekara arba'in da shida ina nemansa."

Na gyara masa robar iskar da ke hancinsa. Ƙofarmu na kallon tasa a wani layi na garin Eugene a Amurka, kuma tun da na gama jami'a na dawo gida, ni ke kai masa miya da rana. Likita ya ce huhunsa ba zai kai shi bazara ba.

Bangon falonsa kwalayen takalmi ne har sama, cike da kaset ɗin ƙungiyar makaɗan Tin Heron, waɗanda ba su taɓa kaɗa waƙa iri ɗaya sau biyu ba. Masoyansu kan naɗi wasa da rikodarsu, su yi musaya kyauta, su yi ta gardamar wanne ya fi. Wajen Baba Orrin babu gardama: wasan filin baje koli na Agustan 1977, ranar da suka ja waƙa ɗaya har minti talatin da biyar. Mutum biyu kaɗai suka naɗe shi, shi da abokinsa Delbert, suna tsaye kafaɗa da kafaɗa. Delbert kuwa ya hana shi nasa, mai ɗauke da mintin da ya ɓace, har suka daina magana.

Kwana biyu ina riƙe da lambar wayar Delbert kafin na iya bugawa. Washegari da hantsi, ana yayyafi, wani dogon tsoho mai kitson furfura ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ashe ba ka mutu ba, tsohon banza," in ji baƙon.

"Ina jiran ɓarawo ya kawo kayana. Dubi yadda ka koma, kamar busasshen kifi."

"Ni dai ba a ɗaure ni da tulun iska ba." Delbert ya zauna, ya ciro kaset daga aljihu, amma bai miƙa ba. "Orrin, wallahi ba rowa na yi maka ba. Ka bar shi yadda kake zato."

"Karɓo ki sa, 'yar nan," in ji Baba Orrin.

Na sa. Muka saurara har jita ta fara hawa. Daidai wurin, sai muryar wani saurayi ta cika ɗakin, dab da makirufo: "Wayyo, ya ƙare! Del, riƙe min kwalbar nan! Ya maƙale, na shiga uku, ya maƙale!" Haka ya yi ta ihu da ashar har mintin ya wuce. Can ƙarƙashin muryar, siririya, jitar na wani abu da kunne ba ya iya kamawa.

Baba Orrin ya daɗe yana kallon rikodar.

"Ni ne wannan?"

"Kai ne. Ka ɓata naka, ka ɓata nawa. Da wane baki zan gaya maka?"

Ya fara dariya, tari ya ƙwace ta. Da ya lafa ya ce, "Mayar baya." Na mayar. Sau bakwai ina mayarwa. Ya matso da kunnensa jikin rikodar, idonsa a rufe.

"Yi shiru mana, yaro," ya ce a hankali. "Don Allah yi shiru in ji."

Ko ya ji, bai gaya mana ba. Ya rasu ranar Alhamis da safe. Da na tsallaka gidansa, an riga an ɗauke shi, an yaye zanin gado. Delbert na zaune a kujerar gefe, rigar ruwansa na ɗiga a kan katako. Ya zura fensir a idon kaset ɗin, yana naɗe zaren baya a hankali.