Furar Lokacin Tara

Shekarar da gwamnati ta ji ɗumin kuɗin fetur ta ce kowane yaro sai ya shiga boko, aka ɗauki Jafaru daga rugarsu ta bayan Yasore aka kai shi Batsari wurin baffansa. Uwarsa Fanta ta ci gaba da harkokinta. Ɗan fari ne, Bafulatana kuwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta nuna tana kewarsa. Sai dai tun daga lokacin tallar nononta ta koma bi ta bayan makaranta. Wai hanyar ta fi sauƙi. Ƙarya take, ta fi nisa, ga kuma ƙaya.

Da an buga ƙararrawar tara, yara kan fito hutu da gudu, masu abin saye su yi wurin mai ƙosai da mai rogo. Marasa shi su taru a inuwar bishiyar bedi suna wasa da ƙasa. A nan Fanta ke hango ɗanta kullum, ya rame, wuyan rigar ya yi masa yawa. Gidan baffan bai farfaɗo daga fari ba, ta sani, sai dare ake ɗora tukunya. Abin ya tsaya mata a rai, ta kai ko fura ta dama ba ta iya sha.

Ta miƙa masa a hannu? Ai matan ruga sun samu abin yi da ita har kaka. Sai ta sami malamin ajin, Malam Sammani, ta durƙusa suka gaisa.

"Malam, kullum saura nake komawa da shi. A riƙa ba waɗancan na gindin bedi."

Malam ya leƙa ƙwaryar da ake kira saura, ya gan ta cike har baki. Ya ce, "Allah shi saka da alheri, Inna."

Haka aka fara. Ta dama, yara su yi layi, ludayi na zagawa. Ita kuma ta tsaya gefe tana satar kallon ɗanta, wannan ɗan kallon shi ne ribar tallarta. Amma Jafaru ko motsi ba ya yi. Kowa ya sha ya lashe baki, shi yana can ya sunkuyar da kai.

Rannan Malam ya fusata, ya ɗauko tsumagiya. "Wannan yaro akwai girman kai! Yunwa na cin shi, a ba shi ya ƙiya?"

"Don Allah Malam, ƙyale shi."

Ita ta san ba girman kai ba ne. Ɗan ruga ba ya buɗe baki ya ci abinci a bainar jama'a, ga uwar da ta haife shi tsaye tana kallo. Ko zai faɗi don yunwa ba zai yi ba. Da ya taso ya karɓi ludayin nan, ita ce farkon mai jin kunya. Ta daɗe tana kallon ƙeyarsa, don yanzu ta gane abin da ya rage mata.

Washegari tun kafin ƙararrawa ta dama furar, ta ajiye a ƙofar aji, ta yi cikin gari ba ta waiwaya ba. Sai bayan an tashi, fili ya zama ba kowa, ta dawo ɗaukar ƙwarya.

"Malam, sun sha?"

"Sun sha sarai."

"Dukansu?"

Malam Sammani ya dube ta, yanzu kam ya gane. "Dukansu, Inna. Har ƙari ya nema."

Ta ce alhamdulillahi, ta kife faifai ta ɗora ƙwaryar a ka. Ta ɗan tsaya tana duban gindin bedi, tana so ta tambaya ko ya fara cikowa, sai ta fasa, ta juyo wurin Malam.

"Gobe ma da sassafe zan kawo," in ji ta, "kafin su fito."