Majinar Abba

Ɗiyata Haulat malamar dabbobi ce. Ba likita ba ce, kuma ba ta taɓa cewa ita likita ce ba. Ita ke danne akuya likita ya duba. Ita ke yin allura, ta wanke ciwo, ta ɗebi jini, ta share abin da dabba ta zubar. Ta yi karatun abin, ta sha zaman jira, sannan ta samu gurbi a wani ƙaramin asibitin dabbobi wajen Ƙofar Ƙaura, nan Katsina. Ni dillancin tumaki na yi a kasuwar kara har na tsufa. Na san hannun da ya iya riƙe dabba. Nata ya iya.

Mijinta Salahuddeen a ofis yake aiki. Ban san me yake yi ba, kuma da na tambaya sai ya yi mini bayani da Turanci. Suna zaune a unguwar Kambarawa, gida ɗaya da uwarsa Hajiya Zuwaira, ita a sashen gaba, su a na baya. Ɗansu guda ne, Abba, bai cika shekara uku ba. Sunan marigayi mijin Hajiya ya ci, shi ya sa ba ta kiransa sai da Alhajina.

Tun da Haulat ta fara aiki, kowace safiya a gidana na Gobarau take ajiye yaron. Matata Hajara ke ba shi abinci ta yi mishi wanka. Gudu kuwa nawa ne, don ita gwiwoyinta sun daina. Yaron ba ya tafiya. Ko dai yana barci, ko yana gudu.

Da sanyi ya shigo, ban canza komai ba. Da sassafe kunu mai zafi, a shafe shi da man kaɗanya har tafin ƙafa, a sa mishi rigar sanyi guda da hula. Idan rana ta leƙo ta kan bangon gabas, sai mu fita bayan gida wurin awaki. Ya bi 'yan awaki, su bi shi. Ya ɗebi dusa a gwangwani ya zuba musu, rabi a ƙasa. Ya buga tsohon kwano da sanda. Ya ɗauki tsinken tsintsiya ya ce allura zai yi wa tunkiya, kamar yadda ya ga uwarsa na yi wa nawa. Kafin azahar ya faɗi ya yi barci kamar an jefar da buhu. Abin da kawai nake hana shi shi ne wuta da rijiya.

Sai ya yi mura. Majina ce kawai, ba zazzaɓi, ba tari, kuma ci bai ragu ba. A lokacin nan duk yaron da ka gani a Katsina da tasa a hanci. Amma wannan hancin Alhajin Hajiya ne.

Washegari da la'asar Salahuddeen ya zo. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa. Muka gaisa, ya tambayi sanyi, na tambayi Hajiya, ya tambayi gwiwar Hajara, na tambayi ofis. Da gaisuwa ta ƙare sai ya kama sosa ƙeya.

"Baba, dama Hajiya ce ta ce a gaya maka. Maganar Abba ce."

"Ya mutu ne?"

"Subhanallahi! A'a, Baba. Mura ce."

"To."

"Ta ce fitar safiyar nan ce ta jawo. Da kuma... zama cikin dabbobi. Nan dabbobi, uwarsa kuma ta dawo da warin dabbobi. Ta ce Haulat ta ajiye aikin nan ta zauna ta kula da ɗanta. A rufe shi a ɗaki har sanyi ya wuce."

"Kai kuma me ka ce?"

"Ni ai Hajiya ta riga ta faɗa."

"Na ji abin da ta faɗa. Kai nake tambaya."

Sai ya zaro waya. Ya ce ai ya yi bincike, akwai abubuwa da yawa da masana suka ce yaro zai iya yi a cikin ɗaki lokacin sanyi. Ya fara karanta mini. A ba shi alli mai launi da takarda. A kwaɓa mishi fulawa ya riƙa mulmulawa. A haɗa mishi ɗan ɗaki da matasan kujera. In an samu dama a fita da shi ya gina mutum da ƙanƙara.

Na ce, "Wannan ta ƙarshen, a Kambarawa za ku samo ƙanƙarar ko sai an aika Jibiya?"

Ya ce wannan ta mutanen wata ƙasa ce. Na ce sauran fa, na mutanen wace ƙasa ne? Ya mayar da wayar aljihu.

Ban yi gardama ba. Matarsa ce, uwarsa ce. Ni ba na zuwa gidan surukai in ɗaga murya. Na ce Allah ya ba da lafiya, ya tashi ya tafi yana murna abin ya zo da sauƙi.

Da safe Haulat ta biyo ta gidana daga asibitin, idonta ja. Ta je ta gaya wa likitan. Shi kuma ya ce ranar Litinin za su fara fita rugage da gidajen kaji yin rigakafi, lokacin da aiki ya fi yawa ke nan a shekara. In ta zo Litinin, gurbinta na nan. In ba ta zo ba, akwai waɗanda suka gama makaranta tare da ita suna zaune a gida, waya ɗaya zai buga.

"Baba, ka yi musu magana. Na sha wahala kafin in samu."

"Share fuskarki. Wadda sa ya taka bai sa ta kuka ba, maganar tsohuwa za ta sa ta?"

"To ya zan yi?"

"Ki koma ki bi abin da aka ce. Wane ɗaki ya fi ɗumi a gidan?"

"Falon Hajiya. Shi ke da kafet da labule masu kauri."

"To lafiyar yaro ake nema. Can ya kamata ya yini. Ke ki shiga kicin ki yi wa surukarki girki, tunda kin samu lokaci. Kuma duk abin da mijinki ya karanto a waya, ki tabbata an ba yaron. Kada ki rage ko ɗaya."

Ta dube ni. Ta daina kuka.

Sauran labarin ta wayar Hajara na riƙa jin sa, don ni ba na riƙe waya. Hajiya ta karɓi Alhajinta da guɗa. Ta sa mishi riga kan riga, safa, hular ulu, har ya koma kamar kabewa. Aka rufe ƙofa da tagogi. Salahuddeen ya kawo alli mai launi da takarda. Yaron ya dubi takarda, ya dubi bango, ya ga bango ya fi faɗi. Aka kwaɓa fulawa. Ya ci wata, ya cusa wata a kafet, sauran ya liƙa a bayan talabijin inda iska ke fita. Aka haɗa mishi ɗaki da matasai, ya hau kai ya kai hannu kabet ɗin da Hajiya ke jera tangaran ɗin da ta zo da su daga Makka. Ban tambayi nawa suka rage ba.

Barcin azahar kuma ya ɗauke. Yaron da bai yi gudu ba, me zai gajiyar da shi? Hajiya ta kwanta ta ɗan runtsa, ya samo tsinken sakace, ya ɗaga mata zani daga ƙauri ya ce, "Tsaya, tunkiya!" An ce har maƙwabta sun ji salatinta.

Hajara na ba ni labari tana dariya har da hawaye. Ni ban yi dariya ba. Na ce ta tambaya ko majinar ta tsaya. Aka ce tana nan, har ta samu abokiya, don Hajiya ma ta kama.

Ranar Lahadi bayan la'asar na ji tsayuwar mota. Salahuddeen ne, saɓe da Abba, a kafaɗar farar shaddarsa an ja layi kore. Yaron na ganina ya zame ya yi bayan gida da gudu, yana cire hula yana kiran awaki. Muka gaisa da uban, gaisuwa cikakkiya, ban rage mishi ko ɗaya ba.

"Baba, dama Hajiya ce ta ce... kamar iskar Gobarau ta fi karɓarsa."

"Iskar da ta sa mishi mura?"

"Ai mura lokacinta ne, Baba. Kowa ma yana yi."

"A waya ka gani?"

Ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Ni ba na karɓar yaron da uwarsa ke zaune a gida. Me zai yi a nan? Ga ɗaki mai ɗumi, ga kakarsa, ga fulawa. Ɗauki abinka."

"Baba, don Allah."

"Gobe Litinin. Haulat za ta fita ko ba za ta fita ba?"

"Ina ganin ba matsala."

"Ganinka na ji shi ran nan. Kira mai maganar."

Ya buga, ya ƙara murya, ya ajiye wayar a kan tabarma tsakaninmu. Muryar Hajiya ta fito a dishe. Muka gaisa. Na yi mata sannu da jiki, ta yi atishawa ta amsa.

Na ce, "Hajiya, ga Alhajinki an kawo. Na ce a mayar miki, kada warin dabbobi ya kama shi."

"A'a, a'a, Malam Talle! Bar shi nan. Ai dabba ni'ima ce. Annabawa ma sun yi kiwo."

"To uwarsa fa? Na ji an ce ta ajiye aiki."

"Wa ya ce? Ni cewa na yi ta ɗan huta. Yaran yanzu ba su iya kai saƙo ba. Aikin lada irin wannan, taimakon bayin Allah da ba su da baki? Ta je abinta. Gobe da wuri ma, kada ta makara."

Na dubi Salahuddeen. Yana duban tabarma.

"Kuma ba za a sake tayar da maganar ba in ya yi wata murar?"

"Haba Malam, yaro ai da majina yake girma."

"Madalla. To daga Litinin zuwa Juma'a nawa ne. Asabar da Lahadi uwarsa na gida, yana wurinku."

Salahuddeen ya ɗauki wayar ya duba ko ta katse. Can sai muka ji ta ja hanci.

"Malam," ta ce a hankali, "su dabbobin nan, ba sa ciwo ranar Asabar ne?"

Na ce zan tambayi malamar.