Wankin Anti Bebi

Desmond, jagoran tafiyarmu, mutum ne mai fara'a har sai an zo maganar lokaci. Tun ranar da muka taso daga Baltimore ya tsaya a gaban bas ya ce duk wanda ya makara ya san inda dare ya yi masa. Ba wasa yake ba kuwa, don a Richmond muka bar wani saurayi a layin sayen kofi. Kowannenmu da jakar goyonsa, muna yawon buɗe ido gari-gari har New Orleans, duk inda muka yada zango mu kwana a hostel, ɗaki guda gado bisa gado kamar na 'yan makarantar kwana. Na daɗe ina tara hutuna a asibitin da nake aiki saboda wannan tafiya. Ita ce abu na farko da na shirya wa kaina ba tare da dangi sun yi zama a kai ba, kuma ina ji da ita ba kaɗan ba.

A Greensboro muka kwana. Da safe ina goge baki sai ga kiran Mama daga Kano. Ashe hoton da na ɗora a waya ne ya tona ni.

"Afnan, kina garin Bebi, kika kwana a ɗakin haya? Kin ko je kin gaishe ta?"

"Mama, sha biyun rana za mu tashi."

"To yanzu ƙarfe nawa? Zumunci a ƙafa yake. Na riga na faɗa mata kina tafe."

Anti Bebi aminiyar Mama ce tun suna 'yan mata, ita ta yi mini wankan jarirai, in ji su, don haka babu ta inda zan zille. Serah, wadda gadonta ke ƙarƙashin nawa, ta ce in bar jakata a ɗakin ajiyar hostel kamar kowa. Ni da wayona na ce a'a, gara in tafi da ita, daga can in zarce tashar bas kai tsaye. Na saɓa abata na tari tasi zuwa East Greensboro.

Ban ƙarasa sallama ba Anti ta rungume ni, hannu ɗaya yana shafa kaina, ɗayan yana zare jakar daga kafaɗata. Zaman Amurka ya mantar da ni cewa a gidan Bahaushe wanda ya shigo da jaka kwana ya zo yi.

"Anti, ai da an bar ta nan bakin ƙofa, ba jimawa zan yi ba."

"Ji mini yarinya! Kayan baƙo a bakin ƙofa? Zauna ki huta, kin ga yadda kika rame kuwa?"

Ta shige ciki da jakar, ta ɗan jima, ta dawo da kunun gyaɗa da ƙosai. Aka shiga gaisuwa. Ta tambayi Mama, ta tambayi Baba da ƙafarsa, ta tambayi mutanen da ni kaina na manta da su. Ina amsawa ina satar kallon waya a ƙarƙashin gyale. Baƙo ba ya neman sallama da loma a bakinsa, don haka na riƙa cusa ƙosan nan da zafinsa har ya ƙona mini harshe.

"Wannan hostel ɗin naku," in ji ta, "mixed ne ko? Maza da mata?"

"Ɗakin mata daban ne, Anti."

"Uhm. Ki ci, masa na kan wuta."

A lokacin ne kunnena ya tsinci wata ƙara daga can ƙuryar gidan, gurr, gurr, kamar ana juya abu a cikin ruwa. Na ce zan kewaya, na bi ƙarar.

Ɗakin baƙi na fara gani a buɗe. An shimfiɗa sabon zanin gado, ga tawul a ninke, ga turaren wuta yana tashi. A kan matashi an jera mini katin shaidata da cajar waya da man goge baki. Jakata kuwa tana rataye a bayan ƙofa, wayam. A ɗan lungun da ke gaba injin wanki yana ta aikinsa, kuma ta gilashin ƙofarsa na ga rigata mai ruwan toka ta wuce cikin kumfa, wandona na biye da ita. Komai nawa yana ciki, har safa. Na ja ƙofar, ko gezau. Irin injin nan ne da ke kulle kansa sai ya gama.

"Anti!"

Ta taho tana goge hannu da zani, hankalinta kwance. "Kayan naki duk warin hanya suke. Na sa su a heavy duty, su fita sosai."

"Anti, bas ɗina! Sha biyu za ta tashi!"

"Bas ɗin nan ita kaɗai ce a Amurka?"

Na kira Desmond. Ya saurare ni tsaf, ya jajanta mini, sannan ya ce mutum ashirin ba za su jira wankin mutum ɗaya ba. In na rasa su a nan sai dai in nemi hanyar da zan cim musu a Asheville, ni da ban san kan garin ba. Na tsuguna a gaban injin nan ina kallonsa kamar mai jinya. Ya tsaya, in ce alhamdulillahi, sai ya sake ɗibar ruwa. Serah tana ta turo saƙo: an fara loda jakunkuna, ina kike, Desmond yana ƙirga kawuna. Tsoro ya kama ni sosai, takaici ya hau kansa. In tafi in bar kayana, da me zan yi sauran tafiyar? In tsaya, tafiyar ce gaba ɗaya za ta tafi ta bar ni.

Bakina ya suɓuce. "Wallahi Anti da gangan kika yi!"

Ban taɓa ɗaga mata murya ba. Ta dube ni, ta juya ta koma kicin. Na ji ta kashe wutar masa.

Da injin ya ga dama ya yi ƙaras ya buɗe, sai ga ta da babbar baƙar leda da makullin mota a hannu. Tare muka kwashe kayan, jiƙe jagab, muka danna a ledar, muka danna ledar a jaka. Nauyinta ya ninka. Anti ta figi tsohuwar motarta, matar da Mama ke cewa ko keke yana wuce ta a titi, ranar har da tsallake fitila tana ruwan ɗorawa. Ni dai idona na kan hanya, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina.

Muna shan kwanar Elm Street na hango bas ɗin, injinta a kunne, Serah tsaye a ƙofa ƙafa ɗaya a ƙasa tana jan Desmond da surutu. Na dira tun motar ba ta gama tsayawa ba. Anti ta riga ni ɗaukar jakar, ta ƙi ba ni, ta rungume ta a ƙirji tana haki har bakin bas, ruwa na ɗiga a gaban atamfarta.

Na kama igiyar jakar, ba ta saki ba.

"Da gangan na yi," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Da mamanki ta kira, na ɗauki off a wurin aiki. Na ce ko dare ɗaya ne. Tun da ɗana Haidar ya koma Texas ba wanda ya kwana a ɗakin nan."

Desmond ya taɓa agogonsa. Anti ta saki igiyar, ta gyara mini gyale.

"Hau, kar su tafi. Ki shanya su da kin sauka, kada su yi wari."

Na hau, aka tafa mini, Serah ta matsa ta ba ni wuri. Na samu bas ɗina. Har muka hau babbar hanya wayata tana hannuna, lambar Anti a buɗe, na rasa abin da zan kira in ce mata.