Motar Da Ba A Gajiya Da Ita

Mutane iri biyu ne ke sayen mota: waɗanda suke so ta kai su wani wuri, da waɗanda suka riga suka isa. Na farko su ne masu tambayar mai nawa take sha, buhu nawa but ɗinta ke ɗauka. Na biyu ba sa tambaya, kuma ba sa gajiya da abin da suka saya, domin gajiya ciwo ne na wanda ya yi saye da ido, ba da ilimi ba.

Dakta ne ya yi wannan bayani, a tsaye a tsakar gidansa, ya dafa rufin sabuwar motarsa. Sai da ya ɗan ranƙwafa kafin hannun ya kai, don rufin iyakarsa ƙugu. Likitan haƙori ne, ya ba hamsin baya, kuma ya saba yi wa mutane jawabi a lokacin da bakinsu ke buɗe cike da auduga, shi ya sa ya daɗe bai ji an musa masa ba.

Motar ja ce wur, kujera biyu, ta lafe a ƙasa kamar kyanwar da ta hango ɓera. Masu sauraro su ma biyu ne. Akwai matarsa, Maman Biyu, malamar lissafi a sakandare. Akwai kuma yayansa, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya kama aikin sa ido a kan ƙanensa, ba albashi, ba hutu.

Yaya ya zagaya motar, hannu a baya, ya leƙa ciki.

"Nan kai, nan Maman Biyu. 'Yan biyun fa, in sun zo hutu daga jami'a? A aljihu za ka zuba su?"

"Yaya, wannan ba motar kwasar iyali ba ce."

"Na gani. Injin nan da ka saya na gudu a cikin ɗaki, yana ina?"

"Yana nan ƙalau," in ji Maman Biyu. "Tawul ya fi saurin bushewa a kansa."

"Kifayen cikin gilashi fa?"

"Sun riga mu gidan gaskiya, Yaya."

Yaya ya gyaɗa kai kamar alƙalin da shaidu suka sauƙaƙa wa aiki. "Na ba ka zuwa damina. Kafin ruwa ya zauna za ka sa ta a kasuwa."

Dakta ya miƙe tsaye sosai. "Duk wanda ya gaji da irin wannan mota, dama can bai cancance ta ba. Ka riƙe wannan maganar."

"Na riƙe," in ji Yaya. Kuma shi mutum ne da ba ya yar da irin wannan ajiya. Har yanzu yana riƙe da abin da Dakta ya ce game da keke tun suna firamare.

A yi wa Dakta adalci, makonnin farko ya ji daɗi na gaske. Da safe kafin ya wanke fuska sai ya ɗaga labule ya tabbatar tana nan. Ƙamshin fatar kujerun ya bi shi har wurin aiki. Wata Lahadi ya fita babban titin bayan gari, ya duba gaba ya duba baya, ya taka totur har ƙasa. Motar ta yi gaba, hanjinsa ya biyo baya daga nesa, ya ji kansa yana ƙyalƙyala dariya shi kaɗai, irin dariyar da rabonsa da ita tun kafin ya fara sanƙo. Ya dawo gida ya ci abinci kwano biyu.

Matsalar ita ce ba a babban titi yake zaune ba. Yana zaune ne a wani layi mai tudun rage gudu a kowace kusurwa, kuma tudun ba na wasa ba ne. Shi da kansa ya sa aka yi su, lokacin da yake shugaban ƙungiyar unguwa, bayan ya yi wani dogon jawabi a kan samarin da suka mai da layin filin tsere. Da magina suka gama, ya tsaya a kansu ya ce ba su kai ba, a ƙara siminti. Aka ƙara. Yanzu kowace safiya cikin motarsa na gogar simintin nan da wata ƙara mai kama da ta injin huda haƙori, maƙwabta kuma suna gaishe shi da fara'a ta musamman.

Sai kuma cunkoso. Motar da aka ƙera don ta yi gudun jirgi tana rarrafe a bayan tifa, idon Dakta daidai da tayar, hancinsa daidai da bututun hayaƙinta. Mutanen cikin bas suna leƙo shi daga sama, suna nazarin sanƙonsa a tsanake. Kowane babur da ya gifta, sai gabansa ya faɗi saboda fenti.

Abin da ya fi duka shi ne fita. Mutumin da ya shekara da shekaru yana ranƙwafe a kan bakunan jama'a ba shi da sauran baya na raha. Shiga motar faɗawa ce kawai, kowa zai iya. Fita kuwa sai an bi tsari: ƙafa ɗaya waje, hannu a ƙofa, ɗaya hannun a ƙasa, a ambaci sunan Allah, a yunƙura. Ya daina ajiye ta a gaban asibitinsa ya koma baya, kusa da janareto, inda ba mai gani. Duk da haka wani dattijo da ya zo ciko ya ce masa, kafin a cusa audugar, "Dakta, na ga haƙoranmu a waje. Sun yi kyau da jan fenti."

Wata safiya ya wuce motar ya je bakin get karɓar saƙo, ya dawo, sai a falo ya tuna bai ko kalle ta ba. Ba ta yi masa komai ba. Ta dai zama mota, kamar yadda firji yake firji. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne ya kama kansa yana satar kallon tsohuwar motar Maman Biyu, doguwa, ruwan toka, kujerar baya cike da littattafan ɗalibai, mutum ya shige ta a tsaye kamar zai shiga ɗaki.

Sayarwa ba wuya. Wuyar ita ce Yaya, ga kuma hadari ya fara haɗuwa da yamma. Dakta ya yi tunani irin na masu ilimi, ya gano cewa mutum bai gaji da mota ba idan matarsa ce ta matsa masa. Wannan sunansa neman zaman lafiyar gida, kuma har yabo ake yi. Saura kawai Maman Biyu ta matsa, ita kuwa ba ta taɓa cewa uffan ba. To, a ba ta ta ɗanɗana. Tudu zai gogi cikin motar, cunkoso zai dafa ta, kafin mako ya fita za ta ce ko ita ko motar. Ya kira wani dillalin motoci a ɓoye ya ce ya fara sauraren kasuwa.

"Motarki na neman gyara," ya ce mata da daddare suna cin abinci. "Zan riƙe ta kwana biyu in ji abin da ke damunta. Ki ɗauki jar."

"Ni? Ba kai ka ce ba a ba da aronta ba?"

"Ke ai ba aro ba ce, Maman Biyu."

Ta dube shi ta saman tabarau, irin kallon da take yi wa ɗalibin da ya kawo amsa daidai ba tare da ya nuna aiki ba. Sannan ta miƙa hannu.

Da safe ya laɓe a bayan labule. Maman Biyu gajera ce, ba jiki, ta zame cikin motar kamar an auna ta aka ɗinka. A tudun farko ta tsaya, sannan ta karkata sitiyari ta hau shi a kaikaice, taya ɗaya bayan ɗaya. Ko ƙis bai ji ba. Ya tsaya yana jiran ƙarar a tudu na biyu har shayinsa ya huce.

Ranar ba ta dawo da wuri ba. Da ta shigo, ɗankwalinta ya koma gefe guda, idonta na ƙyalli.

"Lafiya? Ina kika tsaya?"

"Ta bayan gari na biyo."

"Makarantar ai ga ta nan kusa."

"Tana nan, ba inda ta je."

Ya bari aka kwana biyu, sannan ya fara jefa ƙugiya. "Bayanki bai fara ciwo ba?"

"Ciwon kan nan ma da nake fama da shi ya tafi."

"Cunkoso fa? Akwai wahala a ƙasa-ƙasan nan."

"Ai in ka fita da wuri ba kowa a hanya. Ka san yaran da ke zama a bayan aji, waɗanda ba su taɓa kawo aikin gida ba? Yanzu har rububin goge min allo suke yi. Ɗaya ya tambaye ni yadda ake lissafin gudu. Da bakinsa, Baban Biyu."

"Tana shan mai fa."

"Tana aikin abin da ta sha."

Shi kuwa a tsohuwar mota yana zaune kamar a kujerar falo. Yana ganin saman motoci, yana haye tudu ba tare da ya san an haye ba, ya sake ajiyewa a gaban asibiti ya fito a miƙe kamar mutum mai mutunci. Gyaran da ya ce zai yi bai samu lokaci ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Ranar Asabar aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Da ya ɗauke, Yaya ya iso, ya ce hanya ce ta biyo da shi, ko da yake layin ba ya ɓullewa ko'ina. Suna zaune a baranda su uku suna shan shayi sai aka buga get. Dillalin ne, wanda aka ce masa a asibiti kawai zai riƙa zuwa, tare da wani saurayi mai agogo kamar faranti.

"Dakta, ga mai sayen nan na kawo. Ya ce ba zai iya jiran Litinin ba."

Yaya ya ajiye kofinsa a hankali, ya gyara zama, ya harɗe hannuwa a kan ciki. Fuskarsa ce ta fara buɗewa sannu a hankali kamar laima.

Maman Biyu ta dubi dillalin, ta dubi mijinta, ta dubi tsohuwar motarta da ba a taɓa ko buɗe bonet ɗinta ba. Lissafin bai ɗauke ta lokaci ba.

"Bawan Allah, kun yi ɓatan kai," ta ce. "Maigidan nan ba ya sayar da motarsa. Kullum sai an zo ana roƙonsa, har na gaji da ba mutane haƙuri."

"Amma Hajiya, shi ne ya..."

"Cewa na yi in ka samu mai son irinta, ka kawo shi ya gani," in ji Dakta da sauri. "Gani na ce. Samari, zagaya ka gani, amma kada ka jingina."

Saurayin ya zagaya ya gani. Dillalin ya daɗe a sana'a, ya san cinikin da ya mutu tun daga warinsa, ya ja yaronsa suka fita.

Yaya bai saki ba tukuna. "To in haka ne, me ya sa kullum a tsohuwar nake ganinka?"

"Tausayina yake ji, Yaya," in ji Maman Biyu tana ƙara masa shayi. "Ba ka ga yadda nake fama kafin in karɓi makullin a hannunsa ba. Jiya har waje ya biyo ni."

Gaskiya ne ya biyo ta waje, amma don ya ce ta sayo burodi. Yaya ya shanye shayinsa kamar magani, ya ce damina ai yanzu ta fara, ya tafi.

Da get ya rufu, Dakta ya yi gyaran murya. "Na gode."

"Ba komai, Baban Biyu. Ɗaya makullin ma ka kawo in ajiye a jaka, kada ya ɓata."

Ya kawo.

Bayan 'yan makonni aka aiko masa da sammaci daga ofishin kula da hanya. Ashe an kafa kyamara a titin bayan gari, kuma motar da sunansa take. Ya ɗage marasa lafiyar safe ya tafi. Layin biyan tara duk samari ne, 'yan babur da direbobin bas, shi kaɗai ne mai furfura, yana tsaye ya dafe ƙugu. Da aka zo kansa, ma'aikaciyar ta juyo masa da allon kwamfuta. Hoton bai kama direba ba, wani jan zane kawai ya kama, kamar an ja jan alli a kan kwalta. Ta karanta gudun a fili. Wani daga bayan layi ya yi fito.

"Baba, kai ne kuwa?"

"Motata ce," in ji Dakta.

"Har sau uku fa, duk da sassafe. Baba, a riƙa ragewa. Iyali na buƙatarka."

"Za a duba."

Samarin suka matsa suka ba shi wuri a bakin tagar biyan kuɗi, ɗaya har ya miƙo masa biro da hannu biyu. Dakta ya sa hannu, ya ciro walat ya biya, bai nemi ragi ba. Ya juya zai tafi, sai ya dawo ya sunkuya wajen tagar, ya tambaya ƙasa-ƙasa ko suna buɗewa ranar Asabar, don ranakun aiki yana da marasa lafiya.