Ƙi-Mutu Ya Hau Tebur

"Ajiye butar," in ji Ƙi-Mutu. "Ka faɗi."

Ɗalibin ya tsaya riƙe da buta, ruwa na ɗiga a kan takalminsa. Shi ne wanda 'yan aji ke kira Laburare, don tun da ya shigo sashen nazarin addinin Musulunci na kwalejin bai taɓa zuwa na biyu ba. Yanzu ma yana cikin jero maganganun malamai kan wankan gawa ne, ya kai mazhaba ta uku, Ƙi-Mutu, tsohon da ke jarraba su, ya katse shi.

Gawar ta roba ce, an aro ta daga makarantar koyon jinya, tana kwance a kan tebura biyu da aka haɗa. Da Laburare ya zo kanta sai ya fizge zanen da ya rufe ta gaba ɗaya ya wurga kan benci, ya kama kafaɗarta ya wuntsila ta kamar buhu, har kanta ya bugi katako. Na baya suka yi dariya. Shi kuwa bakinsa bai daina Larabci ba.

Ƙi-Mutu, ko sunansa aka rubuta a bango sai dai ya wuce abinsa, don bai iya karatu ba. Amma shekara hamsin da ɗoriya yana wankan gawa, kuma ba ya ɓoye wa kowa. Shekarar amai da gudawa, lokacin da manyan malamai ke toshe hanci suna addu'a daga bakin ƙofa, shi ya riƙa shiga ɗaki ɗaki. Cutar ta kama shi, ta gaji ta sake shi. Tirela ta danne shi. An tsaga cikinsa sau biyu. Likitan da ya ce ba zai kai Juma'a ba, shi ya wanke shi da hannunsa bayan shekara tara, ya kuma yi masa a hankali, ba don ya cancanta ba.

'Yarsa ta fari ce ta kawo shi nan. Ita ke koyar da fiƙihu, kuma ta shekara biyu tana faɗa a taron malamai cewa ana yaye ɗalibai da takardar shaida, in an yi rasuwa a unguwa a neme su a rasa. Da ƙyar aka ba ta zango ɗaya na gwaji, da sharaɗin ƙorafi ɗaya ya isa a rufe darasin. Ga ta nan a gefe da takardar maki a hannu, ta kasa ɗaga biro.

Laburare ya fita, ya dawo da shugaban sashe.

Dakta mutum ne mai taushin murya. Ya gaida tsohon da ladabi, ya kira shi Baba, sannan ya juya ga Malama ya yi magana kamar tsohon ba ya ɗakin. Ya ce wannan ɗalibin ne ke riƙe da darajar sashe, an riga an tura sunansa don ƙarin karatu a waje, faɗuwa ɗaya za ta ɓata komai. Ya ce ya duba tsarin ba da maki, akwai niyya, akwai alwala, akwai farawa da dama, akwai kafur a wankin ƙarshe, bai ga inda aka rubuta zane ba. Ya ce roba ba ta da al'aura. Ya ce in maganar nan ta kai sama, cewa wanda ba shi da ko satifiket ɗin firamare ya kayar da ɗalibi, to ita ta san abin da zai biyo baya. Yau ne kuma ranar miƙa maki.

Malama ta dubi ubanta. Ba ta roƙe shi ba. Ya san wannan kallon tun tana ƙarama, lokacin da take zama a ƙofar gida tana jiran ya dawo daga maƙabarta don ta nuna masa littafin da ba zai iya karantawa ba.

"Dakta, ka yi gaskiya," in ji shi. "Roba ba ta da al'aura. Ku sauke ta."

Ɗalibai biyu suka sauke robar suka jingina ta da bango. Ƙi-Mutu ya cire hula ya ba 'yarsa. Ya cire riga, ya bar wando. Ya dafa tebur ya hau ba tare da ya bari wani ya kama shi ba, ya miƙe, ya ja zanen daga ƙirji zuwa ƙafa.

"To ga mai al'aura. Zo ka wanke ni, ɗan nan. Ka ci, in ce ka ci."

Dakta ya ce wannan wasa ne, nan kwaleji ce. Tsohon ya rufe ido ya ce gawa ba ta ji. Wani ya so ya yi dariya a baya, dariyar ta maƙale. Malama ta juya ta fuskanci taga, hular na hannunta.

Laburare ya matso. Ya buɗe baki zai fara jero malamai, sai ya ga ƙirjin. Haƙarƙari a waje, biyu sun karye sun haɗe a karkace. Da ya naɗe zanen zuwa cibiya sai ga ɗinkin, dogo, baƙi, wani ya hau kan wani. Ya rufe bakin. Ya gyara zanen da hannu biyu, ya tura gefensa ƙarƙashin cinya don kada ya zame.

Ya taɓa ruwan bokiti, ya ji sanyi. Ba wanda ya ce masa komai, ya ce a kawo na zafi daga ofis a sirka. Aka jira. Fanka na juyawa, tsohon ko motsi.

Ya naɗe tsumma a hannu. Ya tallafi ƙeyar tsohon da tafinsa, ya ɗaga shi kaɗan, ya shafa cikin a hankali yana kauce wa ɗinkin. Ya yi masa alwala. Da ya zo juya shi, Ƙi-Mutu ya saki jiki gaba ɗaya, yadda mamaci ke yi, hannu ya faɗo gefen tebur. Yaron ya yi saurin tare shi, ya kira wani ya riƙe kan. Dama, sannan hagu. Sau uku. Gumi ya jiƙa masa riga fiye da ruwan. Tun da ya fara har ya gama, in ban da bisimilla ba a ji kalma daga bakinsa ba.

Ya tsane jikin da tawul, ya ja zanen ya rufe har fuska.

Daga ƙarƙashin zanen murya ta fito. "Me ka gani a jikina?"

Laburare ya ce, "Ban ga komai ba, Baba."

Ƙi-Mutu ya yaye zanen ya tashi zaune, gemu na ɗigar ruwa. Ya ce a rubuta ya ci. Ba na ɗaya ba, don ya bar ruwa ya shiga masa kunne, amma ya ci.

Nan fa aka tuna wa Dakta da doka. A littafin jarrabawa ba a sake gwaji rana ɗaya sai in mai jarrabawa ne ya ba da umarni, shugaban sashe ya sa hannu. Malama ta juyo daga taga ta faɗa masa haka da murya marar rawa. Ko dai mahaifinta mai jarrabawa ne, makin gwaji na biyu ya zauna, ko ba shi ba ne, a koma kan abin da kowa ya gani da farko a kai maganar sama. Ta miƙa masa takardar da biro.

Dakta ya karanta takardar sau biyu. Ya dubi ɗalibinsa, ɗalibin yana can durƙushe yana goge ƙasa. Ya sa hannu. A gurbin mai jarrabawa, Ƙi-Mutu ya dangwala babban yatsa, ya danna har tawada ta fita ta baya.

A bakin titi suna jiran mota, yana ta ba ta labarin yadda ya riƙe numfashi, wai ko matasan ba za su iya ba, wai da ya so da sai sun ɗauko makara. Ba ta yi dariya ba. Ta sa masa hular da kanta, ta gyara mata zama.

"Baba, kada ka ƙara kwanciya haka a gabana."

Mota ta zo cike ta wuce. Ya tsaya yana karkaɗa kai gefe guda don ruwan kunnen ya fita.

"Sati mai zuwa likkafani ne," ya ce. "Sai ki tsaya a waje."