Ranar da Wawulo Ya Manta Cizo

Aikin Mai Haƙori shi ne haɗa wa mutane haƙoran roba, a wani ɗan ɗaki da ke bayan asibitin haƙori, inda ba mai leƙowa sai Likita in ta zo karɓar aiki. Bakuna ne jere a kan kanta, na sama da na ƙasa, duk sun yashe suna kallonsa, amma ko ɗaya bai taɓa ce masa sannu ba. Shi kuwa nasa na gaba sun daɗe da zubewa, bai taɓa zama ya yi wa kansa ba.

Jikarsa, wadda yake kira Uwar Tsiwa, a wannan ɗakin ta girma. Da uwarta ta sami aiki a wani gari mai nisa suka tashi, sai ta bar masa 'yar na'urar wasanta, irin wasan da ake kama dodanni a yi renonsu a haɗa su faɗa. A ciki akwai dodon da ta fi so, wani guntu mai ƙaton kai. Don tsokana ta raɗa masa Wawulo.

"Kaka, amana ce," ta ce ranar tafiya. "Dabarun faɗa huɗu kawai yake iya riƙewa. In wasan ya ce ya manta ɗaya ya koyi sabuwa, kada ka yarda a taɓa Cizo. Shi ne na farko da na koya masa. Kuma duk abin da ka yi, ka adana shi a na'urar kafin ka kashe. Ka ji? Ka adana."

Cizo ba wata dabarar kirki ba ce. Wawulo zai yi tsalle ya gantsara wa abokin faɗa, wani lokaci wancan ya razana ya kasa ramawa, shi ke nan. Da wasan ya yi nisa, manyan dodanni ko gezau ba sa yi. Mai Haƙori ya sha kashi har ya saba. Sau da yawa wasan na yi masa tayin dabara mai ƙarfi, yana cewa a'a. Ai da Cizon yake samun abin faɗa in ya kira Uwar Tsiwa a waya. Da farko takan tambayi Wawulo kafin ta tambayi lafiyarsa. Daga baya kiran ya fara gajarta.

Ran nan da rana tsaka, yana jiran kakin zuman da ya narka don aikin haƙora ya huce, ya ɗauki na'urar ba tabarau. Tayin ya sake fitowa. Yatsansa mai santsin kaki ya zame, ya danna inda bai nufa ba. Allon ya rubuta cewa Wawulo ya manta Cizo. Cikin ruɗewa ya yi abin da aka koya masa: ya adana.

Likita ta shigo ta tarar da shi ya yi tagumi. Da ta ji bayani ta ce, "Ayya Baba, da kashewa ka yi ba ka adana ba, da ya dawo yadda yake."

Wannan magana ta fi kuskuren ciwo. Ya wuni yana shirya ban-haƙuri. Ya san halin jikarsa: za ta yi faɗa, ta kira shi tsoho mai ɓarna, ƙila ta yi kuka. A can ƙasan ransa har ɗokin faɗan yake yi, don ya yi kewar tsiwar nan ba kaɗan ba.

Da aka tashi aiki ya kira ta. Yana jin hayaniyar ƙawaye a bayanta.

"Uwar Tsiwa, na yi ɓarna. Wawulo ya manta Cizo."

Ta ce, "Wane Wawulo?" Sai ta yi dariya, dariya mai daɗi, ba ta mugunta ba. "Au, wasan nan? Kaka, wai har yanzu kana yi? Ba komai wallahi, ka goge duk abin da ka ga dama. Bari zan kira ka, muna hanya."

"To, Allah ya yi albarka," ya ce, amma ta riga ta kashe.

Ya ɗauko tabarau ya saka, ya kunna na'urar. Wawulo ya shiga faɗa da sabuwar dabararsa, bugu ɗaya ya kayar da dodon da ya daɗe yana gagararsu. Allon ya cika da walƙiya da kiɗan nasara. Mai Haƙori ya ɗaga kai ya duba ɗakin, ba wanda zai gaya wa. Wasan ya tambaye shi ko zai adana, ya daɗe yana kallon tambayar.