Kabejin Bayan Rijiya

Tun da 'yarta Nongma ta samu ciki, Inna Sibdu ta daina sayen ganye a bakin titi. A wajen awo an ce a kiyayi kayan lambun da aka yi wa feshi. Sai ta koma wajen Tenga, mai lambu a bakin dam ɗin Wagadugu, wanda ke rantsuwa da kabarin ubansa cewa maganin ƙwari bai san hanyar lambunsa ba. Kabejinsa ya ninka na bakin titi tsada, amma tana biya, ko tayawa ba ta yi.

Abin da ya fara damunta, kabejin ya cika kyau. Ta ɓare shi ganye-ganye, ba tsutsa, ba ko ɗan hujin da fara ta ciza. Ta shinshina, ta sa Nongma ta shinshina. Ba su ji komai ba, hankalinta dai bai kwanta ba.

Ran nan da safe ba ta jira ya kawo mata ba, ta ɗauki kwando ta same shi yana ban ruwa.

"A'a, Inna! Da kanki? Ko kin zo neman aurena ne?"

"In auri mai ƙafa kamar fartanya? Tenga, tsutsotsin garin nan azumi suke yi?"

Ya yi dariya, dariyar ta ɗan yi tsawo. "Ruwan darbejiya da barkono nake zuba musu, Inna. Ba sa so."

Ta bi kunyoyin a hankali tana duba ƙasan ganye, shi kuma yana biye da ita yana ba ta labarin taki. Ba ta ga kwalba ba, ba ta ga abin feshi ba. Har ta fara jin kunyar kanta, sai ta hango wata 'yar kunya a bayan rijiya, an kewaye ta da kara. Kabejin ciki ƙanana ne, duk ƙwari sun yi musu kaca-kaca.

"Wancan fa?"

"Wancan ba na sayarwa ba ne. Na gida ne, nan matata take ɗiba."

"To me ya raba na gida da nawa?"

Tenga ya ajiye bokiti. Ya sosa ƙeya, ya kalli dam, ya ce rana ta fi bugun can ɓangaren.

"Yanko min na gidan. A kuɗin da na saba."

"Haba Inna, dubi muninsa."

"Ba ado zan yi da shi ba, ɗan nan. Mai ciki ce za ta ci."

Ya daɗe a tsaye kafin ya tsallaka karan. Ya yanko biyu, ya saka mata a kwando ba tare da ya ɗago ido ba. Da ta miƙa kuɗi, ya ƙi karɓa.

"Nongma dai lafiyarta lau ko?" ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

Inna Sibdu ta dube shi, ta ɗora kwandon a ka. Maimakon hanyar gida, sai ta nufi asibiti, ta tambaya ko za a iya duba 'yarta yau.